Sunan Da Aka Binne Da Akuya

La Tunru ya tofa wa bakin igwar yawu, ya goge da gefen zanensa. Duk jiragen ruwan yaƙin sarki da ke tashar birnin Makasar babu wanda ke shan gata kamar Farin Shaho, kuma aikin La Tunru ne.

Ba don sarki ya shiga jirgin ba. Yana kamun kifi wata rana ya hango hayaƙi a ƙauyensu, ga jirgin 'yan fashi mai sassaƙen kan kada ja yana buɗe filafilai. Matarsa da 'yarsa na cikin jirgin. Sai ya kama jirgin nan da ake kira Jan Kada zai san kasuwar da aka sayar da su.

"Biyo ni, ƙanena," in ji Daeng Pasau, shugaban Farin Shaho. "Ni zan kai ka har cikinsa."

Ya bi shi. Suka ƙona jirage, suka kama wasu. A wannan teku, in jirgi ya shiga hidimar sarki, ana sare masa kai, a yanka akuya, a raɗa masa sabon suna. Tsohon sunan kuwa ba mai furta shi sai ranar da aka farfasa jirgin, don kada teku ta ji ta biyo shi da tsofaffin laifuffukansa. Kullum La Tunru kan ruga ya duba kan kafin a sare. Abokan aiki su yi ta ƙyaƙyata dariya, shi bai san abin dariyar ba.

Igwa ta cinye masa hannun hagu. Ranar da harsashi ya huda Farin Shaho, da bayansa ya toshe ramin har suka kai gaɓa. A can ƙasan jirgin yake kwana, inda yake rataye jakarsa a wasu tsofaffin zobban ƙarfe. Yana son jirgin nan, so na wanda ba shi da kowa.

Furfura ta cika masa kai, tsutsa ta cinye katako. Aka jawo Farin Shaho kan yashi, aka sa masa gatari. La Tunru na tsaye yana hawaye.

"Daeng, ina alkawarinmu?"

Tsohon ya jira sai da ƙashin bayan jirgin ya rabe biyu. Sannan ya tofar da abin da yake taunawa, ya dafa katakon yana murmushi.

"Huta lafiya, Jan Kada. Duk bayin da muka loda maka, babu wanda ya yi maka bauta kamar wannan."