Jirgin Baba Jatau

Shekara talatin ke nan da aka hana ɗan'adam tashi sama. Baba Jatau, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ya sayi jirginsa a gwanjo, kullum yana goge shi a bayan gida. Yau Malama Lantana ta gidan tarihi ta zo ɗauka.

Ya shafa fiffiken, ya ce, "'Yata, ku ajiye min shi kusa da taga, ya riƙa ganin gajimare."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ai an toshe tagogin. Yara sun cika kallon sama."

Sai ya hau kujerar matuƙi da ƙyar, ya roƙi a ja jirgin a hankali har bakin titi.