Jijiyar Cinya

Jami'in unguwa ya datse ƙofar ajin da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

"Malama, daga yau an gama karatun Yahudawa a lungun nan. Koya musu girki, ya fi miki."

Ta dubi ɗalibanta, 'yan shekara sha ɗaya zuwa sha biyu, jikokin Yahudawan birnin Kaifeng. In ta yi shiru, a kansu labarin kakanninsu zai ƙare.

"To, ranka ya daɗe. Girki."

Ta kai su madafar kakarta, ta ɗora cinyar rago a kan katako. Jami'in ya biyo su, ya jingina a bakin ƙofa yana zuƙar taba.

"Ku zare jijiyar nan. Mu ba ma cin ta."

"Don me, Malama?" in ji wata yarinya. "Mai taliyar kasuwa har da ita yake dafawa."

"Kakanmu Yakubu ya kwana yana kokawa da wanda ya fi shi ƙarfi. Aka buge shi daidai jijiyar nan, ya gurɗe, ya koma yana ɗingishi. Abokin kokawar ya ce ya sake shi."

"Ya saki?"

"Ya ƙi, sai da aka sa masa albarka."

Jami'in ya yi hamma. Da miya ta nuna aka zuba masa, ya shanye tas, har ya yaba.

Yaran suka ɗauki jakunkunansu, suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, kai a sama, kowannensu yana ɗingishi.