Barka, Dakta

Ta fito daga ɗakin da ta kare digirinta na uku kan farashin hatsi a kasuwannin ƙauye, tana tafe kamar ba ta taka ƙasa. Abokin aikinta a sashen tattalin arziki yana jiranta a bakin ƙofa.

"Barka, Dakta," ya ce, sannan ya sunkuyar da kai. "An ba ni aikin koyarwa a ƙasar waje. Ki aure ni mu tafi tare."

Ta daɗe tana kallonsa. "Manoman da suka buɗe mini rumbunansu fa? Aikina a nan yake, Malam."

Ya yi murmushi. "Shi ya sa ban amsa wa waɗanda suka ba ni aikin ba tukuna."

Ta gyara mayafinta. "To ka ba su haƙuri, ka zo ka gaida Baba."