Kisrar Hajja Yalwa

"Wallahi ba zan ci ba, Hajja!" Mujahid ya ja da baya, kamar tiren miyar kuɓewa da kisra, wainar dawa ta Sudan, da ta miƙo masa zai cije shi.

Shi ne sabon mai duba auduga na sharika, wato kamfanin da ke saye a ƙauyukan Wad Haddad a Sudan. Ranar da aka ɗauke shi aiki ya yi rantsuwa: ko kofin shayi ya karɓa daga manomi, rashawa ce, kora ce. Yanzun nan ya ba audugar Hajja Yalwa daraja ta biyu, ga manoma sun zuba masa ido.

"Ko loma ɗaya," in ji ta.

"Doka ce, Hajja. Ba ma cin komai daga hannun manomi."

Cikinsa ya yi ƙugi, har na bayan layi suka ji.

Hajja Yalwa ta dire tiren, ta riƙe ƙugu.

"Ka kayar min da auduga, na yi shiru, don gaskiya ka faɗa. Amma je ka gaya wa sharikar taku, manomiyar nan da ke gabanka ce ta haife ka, nononta ka sha har ta yaye ka. In kora ce, sun makara. Zauna ka ci, ja'iri!"