Agarar Malam Abdulbaqi

Fayil ɗaya ya rage a kan teburin Dokta Saudat, na mara lafiya mai lamba talatin da ɗaya.

Shekara biyu ke nan tana bincike a sashen ƙashi a kan ɗinkin agara, wato jijiyar nan ta bayan dunduniya. Rabin mutanenta an sa musu filasta na sati shida kamar yadda aka saba. Ɗaya rabin kuma an ba su takalmi na musamman, suka fara taka ƙasa tun sati na biyu. So take ta gano waɗanda suka fi saurin komawa bakin aiki, domin yawancinsu leburorin Sharada ne da Bompai da Challawa, waɗanda zaman gida ke cinye musu gurbi.

Malam Abdulbaqi, mai wannan fayil ɗin da ya rage, yana cikin masu takalmi. A wani kamfanin jima da ke Challawa gefen ƙarfe ya datse masa agarar dama. Ita ta ɗinke ta da hannunta. A wata na huɗu ya koma aiki, a na shida ya zo asibiti ya ɗage a kan yatsun ƙafa sau goma sha biyu yana dariya, matarsa Hajjo tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙirga masa.

Daga nan sai bibiya ta waya, duk bayan wata uku. Lambar Hajjo ya bayar, saboda ba a shiga da waya wurin injina.

Tun kafin ƙara ta biyu Hajjo take ɗauka.

“Ba ya nan, Likita, amma tambaye ni.”

“Yana kukan ciwo?”

“Ko kaɗan. Ya huta da wannan.”

“Sanda fa?”

“Tana bayan ƙofa, ba mai taɓa ta.”

Sauran mutane minti uku suke sallamarta. Hajjo kan kai rabin awa. Takan ba da labarin yadda ya taho da ita daga wani ƙauyen Maraɗi, da yadda yake ɓoye mata ɗingishi don kada ta hana shi fita. Saudat takan saurara tana cike takarda. Babu fayil mai tsabta kamar nasa.

Amma dokar binciken ta ce sai an auna kowa ido da ido a ƙarshen shekara ta biyu, in ba haka ba a cire shi. Mutum biyar sun riga sun ɓace mata. In na shida ya fita, adadin ba zai isa a ce komai ba, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

Sau uku tana sa masa rana. Sau uku kujerar tana zama babu kowa. Da ta kira, Hajjo ta ce, “Ki yi haƙuri, ba zai samu zuwa ba.”

Ran Lahadi da hantsi, ranar da kamfani ba ya aiki, Saudat ta sa tef ɗin awo a jaka ta nufi Panshekara. Mai shagon bakin layi da ta tambaya gidan ya dube ta ya daɗe kafin ya nuna.

Hajjo ta rame. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa kaɗan. Tsakar gidan a share yake tas, igiyar shanya ɗauke da zannuwa biyu.

“Mama, ku gafarce ni da na zo ba sanarwa. Minti goma kawai nake nema. In auna ƙafar, ya ɗage sau ɗaya in gani, shi ke nan na rabu da ku.”

“Abin da nake gudu ke nan,” in ji Hajjo.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

“Ban taɓa yi miki ƙarya ba, Likita. Duk abin da kika tambaya, gaskiya na faɗa. ’Yan'uwansa sun daina kira, abokan aikinsa ma haka. Ke kaɗai kika rage a duniyar nan da ke kirana ki ce yaya Malam, shi ya sa na kasa gaya miki cewa sati uku bayan ya ɗage a gabanki yana dariya, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi.”