Malamin Tarihi a Ɗakin Gwanayen Lissafi

Malam Tanimu, tunda gobe za ka tafi bitar nan ta malaman da aka ɗora wa lissafi alhali ba fanninsu ba ne, ajiye jakar ka saurare ni. Na ji kana cika baki wai ba abin da za a koya maka. To, buɗe kunnenka.

An yi wani malamin tarihi a wata sakandare ta ƙauye, shekara goma sha tara yana koyarwa ba wanda ya taɓa kushe shi. Sai aka yi wa malamin lissafi canjin wurin aiki, ba a turo wani ba. Shugaban makaranta ya miƙa masa littafi da alli, ya ce ya riƙe kafin a ga abin da hali zai yi. Bawan Allah rabonsa da lissafi tun yana ɗalibi. Dabararsa ɗaya ce: ya kwafe misalin littafi a allo, yara su kwafe. Shafin da ya gagare shi kuwa, sai ya naɗe kunnen shafin ya wuce. Ana nan aka kira irinsu bita a birni, ta mako biyu. Ranar farko aka raba takarda, aka ce kowa ya rubuta abin da bai iya ba, don a san ɗakin da za a kai shi. Ya ɗaga kai ya ga masu koyarwar duk sa'annin ƙannensa ne, ɗaya ma shi ya koyar da ita a aji ɗaya. Haba! Shi da furfurarsa ya rubuta wa yarinyar nan cewa bai san yadda ake haɗa rabi da sulusi ba? Ya rubuta: babu. Aka kai shi ɗakin gwanaye, ya kwashe mako biyu yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ko alif bai gane ba. Ta taga yana hango waɗanda suka faɗi gaskiya suna yanka lemo gida-gida, suna dariyar kuskuren juna, shi kuwa yana ce wa ransa manya da wasan yara. Sau biyu tsohuwar ɗalibarsa tana rusunawa ta ce, "Malam, ko akwai inda za a maimaita?" Ya ce ta ci gaba da aikinta.

Ya dawo da takardar shaida ta ɗakin gwanaye, ya sa ta a gilashi. Shugaban makaranta ya gani ya yi hamdala, ya danƙa masa ajin ƙarshe: yara arba'in da ɗaya masu jarrabawar fita, wadda in ka faɗi lissafi a cikinta ba makarantar gaba da za ta dube ka. Cikinsu har da 'yarsa ta fari, wadda tun tana ƙarama ba ta da zance sai na karatun ungozoma. Ya ci gaba da kwafa da naɗewa har littafin ya kumbura ya daina rufuwa. Yaron da ya yi tambaya kuwa ya sha tsawa. Ranar jarrabawa 'yar tasa ta dawo da azahar, ko kallon abinci ba ta yi ba. Ta ɗauko littafinsa ta zauna a tsakar gida, takardar tambayoyi a gefenta, tana warware kunnuwan shafukan ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye yana kallo. Kowace tambaya tana nan kwance a shafin da ya naɗe. Ta ɗago ta ce, "Baba, ashe duk suna ciki." Da sakamako ya fito, mutum biyu suka tsallake, ita ba ta cikinsu. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. An kai wa mutum magani har gabansa, ya ce lafiyarsa ƙalau, ciwon ya tashi a jikin 'ya'yan mutane da tasa.

Saboda haka gobe in an miƙo maka takardar nan, cika ta har bayanta, ko da wanda ka goya ne zai karanta. Abin da ka ɓoye wa mai koya maka, zauren jarrabawa zai tone shi. Hausawa sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.