Fim Ɗin Da Ya Kalla Har Ƙarshe

Karo na huɗu ke nan wata malamar makaranta tana zuwa shagon mai gyara, karɓar talabijin ɗin mahaifinta. Kowa ya san halin mai gyaran: hoto na fitowa yake kashewa ya jawo wani. Shekara goma bai taɓa ganin ƙarshen fim ba.

"Malama, na kalli fim ɗin nan da kike yabo," ya ce. "Har ƙarshe."

Ta saki baki. "Kai ɗin? Awa uku ne fa!"

"Kuma bai yi min ba. Mutum ya riƙe magana a ciki, yarinya ta hau jirgi yana kallo, wai shi mai kunya. Haushi ya hana ni cin abinci."

"Ai nan ne daɗinsa," ta ce a hankali.

"A fim ba." Ya goge hannu a rigarsa, ya dube ta ido cikin ido. "Talabijin ɗin Baba tun ranar farko na gyara shi. Gobe zan kai masa da kaina, ni da kawuna."

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta ce:

"To, ka canza riga."